Rabin Mafarkin da Na Faɗa wa Kaka

Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin na yarda in ɗauki biro. Sau uku ina sayen littafin rubutu saboda ita, sau uku kuma yara suna ƙarar da shi da aikin makaranta ina kallo, don ban rubuta komai a ciki ba sai bisimilla. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai yawan wasu-wasi. Ko ƙofar shago na kulle, sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu kafin hankalina ya kwanta. Ina tsoron in rubuta abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin mutanen da suke kwance a kabari ba su da bakin kare kansu. Saboda haka duk inda nake shakka zan faɗa, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Abin da ya zaunar da ni a wannan karon ƙamshin ƙanzo ne. Makon jiya tuwo ya kama wa mai ɗakina a gindin tukunya. Ina kan keken ɗinki a shago, wanda yake jikin gidan, ƙamshin ya iso ni, sai na ga ƙafata ta tsaya da kanta. Na yi shekaru da yawa ban ci ƙanzo ba, kuma iyalina sun ɗauka haƙori ne ya hana ni.

Ƙauyenmu yana ta wajen Dawakin Tofa, a irin ƙasar nan da mutum ba ya tafiya mai nisa bai ga gida ba. Gona tana jikin gona, iyakarsu layin gamba ne ko na lalle. Ba a barin gona ta huta, don babu inda za a koma. Da rani jakuna ne suke jigilar taki a mangala, tun safe har rana ta take. Kowace bishiya da mai ita, ko kuka ce ko ɗorawa ko gawo, kuma kowa ya san ta wane ce.

Gidanmu gandu ne. Kakana namiji, wanda muke kira Tsoho, ya rasu ina ɗan shekara biyar ko shida, sai gandun ya koma hannun Baffa, yayan mahaifina. Baba yana ƙarƙashinsa. Gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba, akushi ɗaya suke ci a zaure. Mahaifiyarsu, wadda su suke ce wa Iya mu kuma jikoki muke ce wa Kaka, tana da ɗakinta a kusurwar gabas, kuma a ɗakin nake kwana tun da aka yaye ni.

Baffa ne ɗanta na fari, don haka tana yi masa kunya irin ta mutanen da. Ba ta faɗar sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yabonsa a gaban mutane. In za ta yi maganarsa sai ta ce wancan. In gardama ta haɗa shi da wani, ko shi ne da gaskiya, ba za ka ji ta goyi bayansa ba. Ku riƙe wannan, don yana da amfani a gaba.

Kaka ba ta yi karatu ba sai na salla. Amma a unguwarmu, in mace ta yi mafarkin da ya tsaya mata a rai, wurin Kaka take zuwa da sassafe, da mayafi a ka, kamar mai zuwa ɗibar wuta. Maza ba sa zuwa da kansu, matansu suke aikowa. Liman bai cika son abin ba, ya taɓa yi mata nasiha a kai, amma matar liman ɗin tana cikin masu zuwa, kuma kowa ya sani har shi.

Tana da ƙa'idojinta. Ana faɗar mafarki kafin a sa komai a baki. Ba a faɗa wa mutum biyu. Fassarar da aka fara yi masa ita ce take bin sa, don haka da ta gane inda ya dosa sai ta yi sauri ta ce alheri ne, kada wani ya riga ta da mugun baki. In mummuna ne, sai ta sa a yi tofi ta hagu, a yi sadakar gumba ga yara, a yi shiru. Ruwa garau alheri ne, ruwa mai laka rigima ce. Faɗuwar haƙori rashi ne a dangi. Abin da mamaci ya ba ka naka ne har abada, abin da ya karɓa kuwa ya tafi ke nan. Kuma ta fi ba mafarkin yara nauyi a kan na manya. Takan ce babba yana kwana da abin da ya wuni yana so, shi ya sa yake ganinsa, yaro kuwa bai san abin da zai so ba tukuna.

Bayan ƙofar ɗakinta, a jikin bango, nan take ajiye mafarkan. Tana da dunƙulen farar ƙasa da guntun gawayi a cikin wani fasasshen kasko. Mafarkin alheri da fari take zana shi, na sharri da baƙi. Layi mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji ruwa ne. Da'ira da ɗigo a tsakiya mace ce mai ciki. Tsani tafiya ce. Gajerun layuka uku a tsaye amfanin gona ne. In akwai mamaci a ciki, sai ta dangwala babban yatsanta a gefe. Ranar da abin ya tabbata, sai ta jiƙa tafin hannu ta shafe. Bangon nan duk ya yi dabbare-dabbare, wani zane a kan gurbin wani. Ta ce a wurin uwarta ta gani. Ban sani ba ko wasu gidaje suna yi, ni dai ban taɓa gani a wani wuri ba.

Kowace safiya, bayan ta idar da salla, sai ta taɓa ni da ƙafa.

"Maigida, an tashi? Me ka kawo mini yau, ko hannu rabbana kamar kullum?"

In na ce ban ga komai ba, sai ta ce ita kam ta yi asarar aure, miji ba cefane ba mafarki, sai minshari. Ni kuma in ce ai ita ma ba ta iya tuwo ba, zan ƙaro wata. Haka muke yi.

Sai shekarun fari suka zo. Ba zan faɗi shekara ba, don in na faɗa zan iya kuskure, amma duk wanda ya kai shekaruna ya san waɗanda nake nufi. Abin bai zo rana ɗaya ba. Da farko igiyar guga aka ƙara wa tsawo, aka sake ƙarawa, har aka kai ga mutum ya shiga rijiyar da ƙwarya yana jiran ruwa ya taru. Fulanin da suke sauka a gonarmu da kaka suka zo da shanu ƙashi da fata, wata shekarar ba su zo ba sam. Mutanen arewa suka riƙa wucewa ta hanyar kasuwa, da tabarmi a ka, ba sa magana da yawa. A gida tuwon dare ya koma na dusa, na rana ya ɓace, aka koma kwaɗon tafasa da rama. Mu yara mun daina wasan guje-guje ba tare da wani ya hana mu ba. An fita roƙon ruwa a bayan gari, manya sun juya rigunansu, mun dawo rana tana dukanmu.

Akwai abu ɗaya a gidan da yunwa ba ta taɓa ba, ita ce tukunyar iri. Wata babbar tukunya ce a lungun ɗakin Kaka. Bayan girbi ake zaɓar zangarniyar da ta fi kyau, a sussuka, a gauraya da toka saboda ƙwari, a zuba a ciki, a kifa kasko a baki, a liƙe da laka. Geron Tsoho ne, wanda ya yi shekaru yana zaɓe da hannunsa, mai doguwar zangarniya da gashi a jiki, tsuntsu ba ya son sa. A shekarun lafiya iri yakan isa shuka biyu har uku, in ta farko ta lalace a sake. A shekarar da nake magana, abin da yake cikin tukunyar na shuka ɗaya ne tak. Kowa a gidan ya san haka, har mu yara.

Da bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, gawo ya fara zubar da ganye, shamuwa ta sauka a kan kukar masallaci, sai gardama ta tashi tsakanin Baffa da Baba. Baffa yana son a yi binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa a can, da an yi ruwan farko ya tsiro. Hujjarsa ita ce bara ruwa ya ɗauke da wuri, gero yana fitar da kai, kuma waɗanda suka riga shuka su ne suka sami ɗan abin da suka samu. Baba kuwa yana son a jira sai an yi ruwa mai ƙarfi, an tona an ga laima ta kai kamu guda. Hujjarsa ita ce bara waccan ruwan farko yaudara ya yi, ya tsirar da shuka ya tafi ya bar ta. Yanzu da na girma na ga kowannensu yana da gaskiya. Sun yi kwanaki suna yi, ba da ɗaga murya ba, don Baba ba ya ɗaga wa yayansa murya. Kaka ba ta goyi bayan kowa ba.

A cikin kwanakin nan na yi mafarkin. Zan faɗe shi duka, yadda na gan shi.

Na ga Tsoho a tsakar gidanmu da farar riga. Bai yi magana ba. Ya miƙo mini zangarniyar gero guda, cikakkiya, tana ɗigar ruwa har yana bin hannuna. Na karɓa. Daga nan ya juya mini baya, ya shiga ɗakin Kaka, ya durƙusa gaban tukunyar iri, ya riƙa ɗibar laka yana liƙe bakinta, yana shafawa da tafin hannu, a hankali, har ya gama zagaye ta. Bai waiwayo ba. Sai na farka.

Da Kaka ta taɓa ni da ƙafa ta yi tambayarta, na ce na ga Tsoho. Wasan ya ɓace daga fuskarta. Ta zauna a bakin gado.

"Da wace riga?"

"Fara."

"Ya yi magana?"

"A'a."

"Ya ba ka, ko ya karɓa?"

"Ya ba ni zangarniya. Tana ɗigar ruwa."

"Alheri," in ji ta. "Alheri ne. Alheri ne."

A nan ne nake shakka ta farko. Wani lokaci ina tuna kamar ta ɗora hannunta a bakina ta ce ya isa. Wani lokaci kuma ina ganin ni na ƙirƙiri hannun nan daga baya don in sami sauƙi. Abin da na tabbata shi ne ta tashi ta ɗauko farar ƙasa, ta ja layuka uku a tsaye, ta ja mai lanƙwasa a ƙarƙashinsu, ta dangwala yatsa a gefe. Sannan ta ɗaga wani faifai ta ɗauko ƙanzon da ta ɓoye, ta jiƙa shi da ruwa da ɗan gishiri, ta ba ni duka. Rabon da in ci abu ni kaɗai ba a raba da kowa ba, na manta. Na ci. Ban faɗi sauran ba. A lokacin ban ɗauka sauran yana da wani amfani ba, tunda ta riga ta ce alheri, kuma ita ta koya mini cewa fassarar farko ita ce take bi.

Da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba.

Da hantsi Baffa da Baba suna zaune a zaure suna gyaran ƙotar sungumin shuka, sai Kaka ta zo bakin ƙofar cikin gida ta tsaya, abin da ba ta saba ba. Ta juya gefe don kada ta fuskanci ɗanta na fari, ta yi magana da Baba.

"Kai, ka bar wancan ya yi abin da ya ce. Ubanku ya zo."

Baba ya ajiye abin da yake hannunsa. "Iya, ya zo wurin wa?"

"Wurin mijina," ta nuna ni da haɓa.

Ta karya ƙa'idarta ta faɗi mafarkin a gabansu. Baffa ya sunkuyar da kai. Ina jin tun da aka haife shi bai taɓa jin uwarsa ta tsaya masa a gaban wani ba, sai ran nan. Baba ya kira ni, ya sa ni a gabansa, ya riƙe kafaɗata. Ba da faɗa ya yi tambayar ba.

"Haka aka yi?"

Na ce haka aka yi.

"Shi ke nan abin da ka gani? Babu saura?"

A nan ba ni da shakka ko kaɗan. Na san akwai saura. Kuma a daidai lokacin na fahimci cewa sauran ya shafi tukunyar da suke gardama a kanta. Na dubi Kaka, na ga yadda fuskarta ta saki, abin da na yi watanni ban gani ba. Na tuna ƙanzon da na riga na cinye. Na ji tsoron a ce me ya sa ban faɗa tun farko ba. Sai na ce babu saura.

Baba ya ce, "To Yaya, ko rabi mu bari." Baffa ya ce rabi ko ya yi kyau ba zai kai gidan nan rani ba. Kaka ta ce wanda ya ba da zangarniyar ai bai gutsure ta ba. Maganar ta ƙare a nan.

Washegari aka fito da tukunyar tsakar gida. Baffa ya yi bisimilla ya sa bakin lauje yana ɓamɓare lakar, tana zuba ƙasa gutsi-gutsi. Ina tsaye ina kallo ana kwance abin da na ga ana ɗaurawa. Muka fita gona gaba ɗaya. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mu muna biye da ƙorai, a ɗebi iri da yatsu uku a jefa a rami a take da diddige. Ƙasar tana ƙona tafin ƙafa. Da hannuna na zuba wani kaso na irin nan. Kwana biyu muka yi, aka kife tukunyar a bayan ɗaki.

Bayan kwana huɗu hadari ya haɗu a gabas, aka yi ruwa. Ba mai yawa ba ne, ya jiƙa ƙasa kamar tsawon yatsa, amma ya isa. Gero ya tsiro. Da safe in ka tsaya a bakin gonar sai ka ga layuka kore shar sun miƙe har gindin ɗorawa, gonakin maƙwabta kuwa jajir. Mata suka riƙa shigowa yi wa Kaka barka. Wata ta kawo mata goro. Ni ma na saki jiki, na ce ashe sauran ba komai ba ne.

Daga nan sama ta washe. Inna, mahaifiyata, takan ce kwana ashirin da ɗaya aka yi, ni kuma sha tara nake tunawa. Ganyen ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe, daga baya ya daina buɗewa. Ya koma kamar allura, ya yi ja, iska ta riƙa kaɗo yashi tana yanke shi. Baffa yana zuwa gonar kullum ya tsuguna ya tona da yatsa. Baba bai ce masa komai ba, ko sau ɗaya, kuma ina ganin da ya faɗa da ya fi sauƙi.

Ranar da ruwan gaske ya sauka, maƙwabtan da suka jira suka fita da sungumi, mu muna tsaye a ƙofar gida. Akuyar Kaka da tasoshinta biyu na aure suka tafi kasuwa, suka dawo a matsayin irin da ba wanda ya san asalinsa. Aka shuka a makare. Ya yi abin da ya yi, tsuntsu ya ci rabonsa. Geron Tsoho kuwa daga shekarar nan babu shi, ba a gidanmu ba, ba a ko'ina ba.

Bayan girbi gandun ya rabu. Ba a yi rigima ba. Mai unguwa da liman suka zo suka taka gonar, aka dasa layin gamba a tsakiya. Baba ya bar kasonsa a hannun wani surukinsa, ya kwashe mu muka dawo gefen birni, ta wajen Rijiyar Zaki, lokacin duk gonaki ne. Ya shiga leburanci a wurin gine-gine. A nan aka sa ni firamare, na fi kowa tsawo a ajin. Shi da Baffa sun ci gaba da gaisawa, suna zuwa wa juna suna da jana'iza, amma ban sake ganin sun sa hannu a akushi ɗaya ba.

Kaka ta zauna wurin Baffa. Na ji an ce mata sun rage zuwa, sannan suka daina. Ba wanda ya zage ta. Kawai dai in mace ta yi mafarki sai ta riƙe abinta.

Bayan wasu shekaru na je ƙauye da Salla, da niyyar in faɗa mata. Na shirya maganar tun a mota. Na same ta idonta ya yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni.

"Maigida ya tuna da tsohuwar mata. An ce ka yi amarya a birni, wai ita boko. Ta iya tuwo?"

Na ce ba ta kai ta ba. Ta yi dariya. Na leƙa bayan ƙofa. An shafe bangon gaba ɗaya, babu kaskon farar ƙasa, babu gawayi. Zane ɗaya ne ya rage, layuka uku da mai lanƙwasa da yatsa, ya dushe amma yana nan. Na ce, "Kaka, mafarkin nan da na yi."

"Yana hanya," in ji ta. "Kyautar mamaci ba ta faɗuwa ƙasa. Ni ce na yi gaggawa na sa masa rana. Kai ba ruwanka, ka faɗi abin da ka gani."

Na ce a raina bari sai gobe. Da gobe ta yi aka ce mota za ta tashi. Ta rasu a daminar da ta biyo baya. Ɗakin ya rushe bayan shekara biyu, yanzu akwai na bulo a wurin.

Baba ya rasu ban faɗa masa ba, Baffa ma haka. Na taɓa kai maganar wurin wani malami a masallacin unguwarmu, na ce wani ne ya aiko ni. Ya ce yaron da bai balaga ba ba a rubuta masa zunubi, ruwa kuma a hannun Allah yake, ba a gina hukunci a kan mafarki, mai tambayar ya yi istigfari ya kwantar da hankalinsa. Na yarda da duk abin da ya faɗa. Abin da Allah ya ƙaddara babu mai hana shi. Sai dai ba wannan nake tambaya ba.

Abin da nake so in sani shi ne yadda ita za ta fassara shi da ta ji shi duka. Ana liƙe tukunyar iri bayan girbi, in ta cika. To ko Tsoho yana nuna za ta sake cika ne? In haka ne, sauran ba ya canza komai, da na faɗa da ban faɗa ba binne za a yi. Ko kuwa yana nuna a bar ta a rufe ne, kada a taɓa tukuna? In haka ne, zangarniyar tana nan tafe amma sai an jira, kuma da Baba za ta goya wa baya.

Na nema. Na sayi ƙananan littattafan fassarar mafarki da ake shimfiɗawa a ƙofar masallacin Juma'a, na bi su shafi-shafi. Akwai raƙumi, akwai dabino, akwai jirgin ruwa, babu tukunyar iri. Na tambayi tsofaffin mata biyu. Ɗaya ta ce rufaffiyar tukunya ai arziki ce, ɗayar ta ce ita ba ta taɓa ji ba, kuma duk biyun ba su san zanen bango ba. A sana'ata ta ɗinki nakan ga layin nan mai lanƙwasa a wuyan riga da jikin hula, nakan gan shi a tabarma da faifai da gaban tsofaffin gidajen ƙasa. In na tambayi masu yi, sai su faɗa mini sunan adon, amma ba wanda ya san ko yana nufin wani abu. Haka suka tarar ana yi.

Gonar tamu yanzu an yanka rabinta fuloti. Jikokin Baffa da na Baba sun yi yawa, wasu ban san sunansu ba. Amma akwai maganar da ta bi dangin duka. In abu ya yi alkawari bai cika ba, sai a ce mafarkin Kaka ne. Yaro ya nemi aiki an ce ya jira, mafarkin Kaka. An sa ranar biki an ɗaga, mafarkin Kaka. A wani suna da aka yi kwanan baya, aka kawo wuta aka ɗauke nan take, sai wata yarinya da ko uwarta ba ta ga tsohuwar ba ta ce wutar nan mafarkin Kaka ce. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Abin da ya rage daga matar da unguwa guda take zuwa wurinta da sassafe ke nan.

Saboda haka nake roƙon masu karatu, musamman mutanen ƙauyukan Dawakin Tofa da Ungogo da kewaye, waɗanda suka tashi a ɗakin kakanninsu. Ko akwai wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana ajiye mafarki a bango da farar ƙasa da gawayi? In akwai, ko akwai wadda ta rage da rai cikin masu wannan sani, ko wanda ya ji daga bakinsu? A tambayar mini ita: mamaci ya ba yaro zangarniya mai ɗigar ruwa, sannan ya juya baya ya liƙe tukunyar iri da laka, bai waiwayo ba, me mutanen da suke cewa a kan wannan? Wanda ya sani ya aiko ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, zai same ni. Ina roƙo kada wanda bai sani ba ya yi mini ƙiyasi.

In kuwa amsar ita ce kada a buɗe, a faɗa mini kai tsaye, kada a tausaya mini. Ita ce amsar da na fi so. Da ita zan iya miƙewa a gaban 'yan'uwa ranar Salla in ce musu tsohuwar nan ba ta yi kuskure ba, rabi aka ba ta, kuma ni na ba ta.